Kwana Arba'in ɗin da Na Ƙirga Maka

Zuwa ga yayana, Hamma Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya yalwata maka makwanci. Ni ce Jummai, ƙanwarka mai bakin tsiya, wadda ka ce ko lahira ka je sai ta biyo ka da mita. To ga ni, ban ma jira na iso ba.

Jiya da hantsi Goggo Asabe ta shigo gidanmu na unguwar Shamaki, ta zauna gaban mahaifiyarmu Dada tana kuka. Ɗanta Lawan, direban nan abokin wasanka, giya ta kusa gamawa da shi. Ta zo roƙo ne a faɗa mata maganin da ya raba ka da kwalba kafin ka rasu. Dada ta ce a tambaye ni, ai ni na yi jinyarka. Na ce ta dawo ranar Juma'a. Shekara biyu ina rufe da asirinka, Hamma, yau ana so in buɗe baki, abin da ke bakina kuwa ba magani ba ne.

Ka tuna yadda aka fara. Idon Dada ya yi yana, amma hancinta na nan daram. Kullum ka durƙusa gaishe ta da safe, sai ta jawo kanka kamar za ta sa maka albarka, alhali shinshina take yi. Ranar da ta ji warin giya ba ta zagi, sai dai ta wuni ba ta ce wa kowa uffan ba. Da ta ji a wa'azi cewa wanda ya sha giya sai ya yi kwana arba'in ba a karɓi sallarsa ba, sai ta ce ita burinta ɗaya a duniya, ka tsallake arba'in ɗin nan ba ko ɗigo. Ni aka ɗora wa ƙirgen. Kowace safiya in jefa ƙwallon dabino ɗaya a gwangwanin madara.

Sau uku muna juye gwangwanin bai kai bakwai ba. La'asar ce ke kayar da kai. Da ka rufe shagonka na kafinta, sai hannunka ya kama rawa, gumi ya keto maka, ka dinga kai-kawo a tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai.

A karo na huɗu ka kira ni bayan ɗaki, ka nuna mini ƙullin wiwi a takarda. Ka ce, "Idan na ja sau biyu, kwalbar takan yi shiru." Na ce kai dai ka ji kunya, wannan ai an gudu ne ba a tsira ba. Amma wallahi na gani da idona. Ka sha, rawar hannun ta tsaya, ka cinye tuwo malmala uku, har ka tsokane ni wai miyata ruwan wanka ce. Abin da masifata da shirun Dada suka kasa, ganye ya yi shi kafin in gama wanke-wanke. Sai na yi shiru ni ma.

Daga ranar na zama mai turara ka. Kafin ka shiga wurin Dada sai in kunna turaren wuta, in turara maka riga da hula, in ba ka kanumfari ka tauna. Ita warin giya ta sani, wannan baƙo ne a hancinta. Ƙwallaye suka cika arba'in, ta sa aka soya waina aka yi sadaka, har unguwar Malam Inna aka kai wa dangin Baba. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba, ni kuma ina ta hura hanci, ga 'yar da ta shiryar da yayanta.

Kwanaki na ƙirga, ban ƙirga tsawon shirun kwalbar ba. Da farko in ka sha da la'asar, kwalbar kan ƙyale ka har gari ya waye. Tafiya ta yi tafiya, sai ka ƙara da magariba, sai kuma ka fara tun da azahar. Wata rana ina turara maka hula ka ce, "Jummai, ganyen nan kwantar da ita yake yi, ba ya korar ta. Ina jin tsoro." Ni kuwa buɗar bakina sai cewa na yi ka daina surutun banza, saura kwana tara. Da na kai ka asibiti a ranar, da Dada ta san komai, shi ya sa ban kai ka ba. Ban kuma taɓa tambayar inda kake sayowa ba. Ashe a rumfar da tsofaffin abokan shanka ke zama ne, kullum sai ka je gabansu, kanka a sake, wanda ya miƙo maka kofi ba ka da ƙarfin ce masa a'a.

Kwana goma sha ɗaya bayan wainar aka kira mu da yamma, babur ɗinka ya daki bayan tifa. Ni aka miƙa wa rigarka a leda. Na buɗe na ji su duka uku, Hamma: giya, da wiwi, da turarena. Na wanke ta fes kafin Dada ta ce a ba ta. Har yau gaya wa mutane take yi ɗanta ya tafi a shirye.

Ni kuwa ko gidan biki na shiga aka kunna turare, sai na fito waje. Da an kira la'asar sai in ji takunka a tsakar gida, kai-kawon nan naka, in leƙa ba kowa sai kaya a kan igiya. Ina kewarka, kuma ina tsoron ka.

Na san an ce a rufa wa mamaci asiri. Amma Lawan na da rai, ƙila yanzu haka hannunsa na rawa. In na ce wa uwarsa addu'a ce kaɗai ta yi maka, na yi mata ƙarya, in kuma na ce ganye, na haƙa masa rami. Don haka zan faɗa mata duka, in ce ta kai shi wurin likita tun yana iya buɗe baki ya ce yana jin tsoro. Ka kuwa san Goggo Asabe, magana ba ta kwana a cikinta. Ba zan bari Dada ta tsinta a bakin wani ba. Gobe bayan ta karya kumallo zan zauna kusa da ita in faɗa mata da bakina, in ƙwace wa tsohuwa abu ɗaya da ya rage mata naka.

Ka yafe mini sau biyu, Hamma. Na rufa maka asiri lokacin da ya kamata in tona, zan kuma tona yanzu da ba ka da bakin kare kanka.

Allah ya ji ƙanka, ya karɓi sallolinka duka, ya yafe maka ranar ƙarshen nan. Allah ya ba Lawan lafiya. Dada kuma Allah ya ba ta ƙarfin ji, ya sa bayan ta ji ta ci gaba da kirana 'yarta.

Taka ƙanwa,
Jummai