Karta Biyar Da Na Yi Shekaru Ina Gogewa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin na roƙe ki ki ɓoye sunana, murya na tura miki ki rubuta, don ni bokona bai yi nisa ba, allo kawai na yi. Don Allah ku ba ni shawara, tsohuwa ce ni amma yau kaina ya kulle.

Na zo London ina amarya a shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai suka shigo gwamnati na ta turo yara karatu. Maigidana da yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, tare suka samu sikolashif, suna karatu a Bloomsbury, mu kuma muna zaune a Catford. Ni ba mai fita ba ce, girki da hira su ne nawa, gidanmu kullum cike da 'yan makaranta masu kewar tuwo. Su biyun suka sayi babur suka shiga wani kulob na Turawa. Ina kicin nake gane ƙarar babur ɗin kowa, na Yaya yana da wani tari kafin ya mutu, sai in ƙara faranti.

Kulob ɗin suna wani wasa da suke ce wa poker run. Za a hau babura a bi zango biyar a bayan gari, kowane zango ka zari karta ɗaya, ka yi mata alamarka a baya don kada a musanya, ka jefa a ambulan. Wanda kartarsa ta fi haɗuwa shi ya ci. Na ce musu wannan ai caca ce, suka ce kuɗin shiga gidan marayu ake kaiwa, wanda ya ci kofi kawai ake ba shi da rigar fata.

Wata Asabar suka fita su biyu, da la'asar na ji babur ɗaya ya dawo. Maigidana ya shigo da kofi da riga yana dariya, wai sarki huɗu ya zaro, tun da aka kafa kulob ɗin ba a taɓa gani ba, kuma baƙar fata ne ya yi. Na tambayi Yaya, ya yi gyaran murya ya ce babur ɗinsa ya lalace a hanya. Kafin magariba ya manne kartar biyar a kwali da gam, Litinin ya kai aka sa musu firam da gilashi, ya rataye a bango.

Da Yaya ya zo, ko zama bai yi ba. Ya ce kartar tasa ce, ya gama zango biyar sarƙar babur ɗinsa ta tsinke, kuma dokarsu ta yarda ɗan'uwanka ya kai maka ambulan kafin ƙarfe huɗu, shi ya sa ya danƙa wa mijina. Ya ce shi ba kofi ne damuwarsa ba, amana ce. Maigidana ya rantse tasa ce. Yaya ya ce magana ta ƙare, a cire firam ɗin a duba baya, Baturen alƙalin wasan ne bai iya karanta alamar ba, amma ni zan iya. Jama'a, ni ce na tsaya gaban bangon nan na ce ba mai taɓa min kayan ɗaki. A gaban abokansu na ce masa hassada ce ke cinsa. Ya dube ni ya ce, "Auta, ni kike gaya wa haka? To na bar ki da mijinki."

Yana gama karatu ya koma Zariya bai yi min sallama ba. Da Inna ta rasu na je gida, gaisuwar ta'aziyya kawai ta haɗa mu kamar baƙi. 'Ya'yansa ba su san ɗakina ba, nawa ba su san nasa ba. Ni kuwa duk Juma'a sai na goge gilashin nan, duk baƙon da ya zo sai maigidana ya ba shi labarin sarki huɗu, ina gefe ina ƙara gishiri. Jikokinmu da Turanci suke ba abokansu labarin.

Watan jiya 'yarmu ta ce mu koma flat ɗinta na Abbey Wood saboda ƙafar babanta ba ta son bene. Ina haɗa kaya firam ɗin ya suɓuce min, gilashin ya fashe, gam ɗin dama ya bushe, kartar suka zube a ƙasa. Na sunkuya in tsince, sai na ga ajami a bayan kowacce. An rubuta Auta. Sau biyar. Hannun Yaya ne, shi ya koya min riƙe alƙalami, ko a mafarki na san yadda yake jan wutsiyar harafi. Sunan da yake kirana da shi ya yi alama da shi, ni kuma na ce masa mahassadi.

Na kai wa maigidana Alhaji na ajiye masa a cinya. Ya yi gyaran muryar nan, irin ta ranar, sai yanzu na gane duk zamanmu in zai yi min ƙarya ita yake fara yi. Da farko ya ce abin ya wuce, me zan tono. Da ya ga ina kuka ya ce ƙuruciya ce, shi kartarsa ba ta haɗu ba, ya ga ana tafi, bakinsa ya riga shi. Wai ya yi niyyar faɗa, amma da na zagi Yaya dominsa sai kunya ta hana shi. Kun ji, har laifin ya dawo kaina. Ƙarshe ya kama hannuna ya ce, "Hajiya, ki rufa min asiri in mutu tukuna, kada yaran nan su raina ni."

To ga inda na tsaya. Mutumin nan bai taɓa dukana ba, bai bar ni da yunwa ba, yanzu ni ke ba shi magani, ni ke sa masa safa. Amma yana kallona ina goge ƙaryarsa shekara da shekaru bai ce uffan ba. Shi kuma Yaya ya girme shi, an ce min idonsa ya tafi kuma yana kwance, ban san wanda zai riga wani ba. In na jira kamar yadda Alhaji ya roƙa, wataƙila kabari zan nemi gafara. In na kira, dole in faɗi abin da na gani, kuma magana in ta shiga dangi ba ta dawowa, sai ta iso kunnen 'ya'yana.

'Yan'uwa, ya zan yi? In tilasta Alhaji ya kira da bakinsa, ko in kira ni kaɗai in ce na yi kuskure ba tare da na tona shi ba, kuma Yaya zai karɓi rabin gaskiya? Masu ilimi a cikinku, wane haƙƙi ne a gaba, sirrin miji ko zumunci? Lambar 'yar Yaya na wayata kwana tara ke nan, kartar kuma suna cikin jakata, ban san ko in aika masa ba tunda ba zai gani ba. Abin da nake so kawai in ji ya sake ce min Auta.