Mangwaron da ke Cikin Hoto

Jidda, 14 ga Maris, 2000

Zuwa ga Yaya Sha'aibu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da yara da mutanen Kaura. Ni lafiya lau. Aikin gidan Larabawa ne dai ba ya ƙarewa, hannuwana duk sun tsage da wanke-wanke, amma kada Inna ta ji.

Hoton gidan hayar da ka gina mini ya iso. Ɗakuna huɗu, rufin kwano, masha Allah. Ka ce tun da aka ba mu jiha ɗaki ke wuya, har ɗaliban Poli uku sun kama.

Sai dai Yaya, na ga ƙaton mangwaro a ƙofar gidan. Shekara biyu kacal da na tsaya a filin nan, ko kara babu balle itace. Wane irin ruwa kuke ba shi?

Ni ban ce komai ba. Roƙona ɗaya: ka kai Inna ƙofar gidan a sake ɗaukar hoton da ita. Na san halinta, ba za ta tsaya ƙofar gidan wani ta yi mini murmushi ba.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Lubabatu