Kwamfutar da Muka Ɓoye a Rumbun Kawu Mamman

Zuwa ga Yayana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Kaura Namoda lafiya lau muke. Ruwa ya sauka, shuka ta kama, ciwon ƙafar Baba ma ya yi sauƙi. Na san babu motar da za ta kai maka takardar nan, kuma na san wasu ne za su karanta ta a madadinka. To su karanta, ni dai da kai nake.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, an buɗe rumbun Kawu Mamman a Badarawa, an fito da Goggo. Da kana nan da tuni ka katse ni kana tambayar ta tashi ko ba ta tashi ba. Sai ka yi haƙuri in bi labarin daga tushe, ai ni ma ba ƙaramin jira na sha ba.

Ka tuna yadda aka yi muka same ta. Lokacin da aka ba mu sabuwar jiha, ofisoshi suna sayen sababbin kaya suna gwanjon tsofaffi, kai kuma duk inda ka ji an jibge matattun kwamfutoci sai ka tayar da babur. Abokan aikinka malamai suna hutun ƙarshen mako, kai kana hanyar Gusau ko Zurmi, ka dawo da akwatin ƙarfe ɗaure a baya da igiyar roba. Ɗakinka ya cika har babu wurin shimfiɗa darduma sai an ture wani abu. Baba ya ce bai taɓa ganin mai ilimin lissafi da ke tara bola da kuɗinsa ba sai kai.

Cikin wannan bolar ka haɗa guda ɗaya mai rai. Ka ciro hanjin wannan, ka ɗauki gidan faifan waccan, allon kuma na wata ce daban, wanda ba ya nuna kowace kala sai kore. Ni ce mai riƙe maka waya kana ɗiga dalma, har ranar da ka gaji da surutuna ka miƙa mini ƙarfen ka ce in yi da kaina. Na ƙona yatsa na yi ihu, ko sannu ba ka ce ba, sai cewa ka yi yanzu na fara koyo. Har gobe ina jin haushin wannan. Kai ka raɗa mata suna Goggo, wai tsohuwa ce, ba ta tashi da wuri, kuma ba ta yin aiki sai ta gama ƙunƙuni.

Sai ga maganar Shari'a ta zo a kaka, gari ya ɗauka. Aka fara rufe gidajen kallo da wuraren caca, jita-jita kuma ta fi gaskiya gudu, har ana cewa duk abin da ke da gilashin kallo za a bi gida gida a kwashe. Ana cikin haka maƙwabcinmu Malam Ɗan'ige ya shigo aron tsani, ya leƙa tagarka, ya ga karta jere a kan allo. Wasan nan ne na mutum ɗaya da kake gwada na'urar da shi. Kafin la'asar an ji a bakin masallaci cewa ɗan Alhaji yana caca da inji.

Ban taɓa ganin Baba cikin irin tashin hankalin ranar ba. Ka yi masa bayani har bakinka ya bushe, cewa babu kuɗi, babu abokin wasa, kuma ka goge kartar a gabansa. Abu ɗaya yake ta maimaitawa: "Ba a kama ɗana ina raye. A hitar da abin ga daga gidan ga." Ka san Baba in ya kafe.

Dabarar rumbu taka ce, kada ka ce tawa. Ka ce Kawu Mamman yana zuba sabon gero a makon, kuma babu mai hankalin da zai je neman kwamfuta a ƙarƙashin damman gero. Muka cire mata ƙaramin batirin nan na ciki, don ka ce in ya tsufa yakan yi yoyo ya cinye komai. Muka naɗe ta da leda da tsohon zanen Inna, muka saka a kwali, allon a wani kwalin, muka hau motar 'yan kasuwar Shinkafi. Kawu ya karɓe mu da fara'a, bai ko tambayi me ke ciki ba. Aka zura kwalayen can ƙasan babban rumbun laka, wanda su suke kira ruhewa, aka jera damman gero a kai har baki, aka kife murfi aka liƙe da laka. Muka dawo muna yaba wa kanmu wayo.

Yaya, babu wanda ya zo. Ko mutum ɗaya bai tsaya a ƙofar gidanmu ba. Maganar ta mutu da kanta kafin sanyi ya wuce. Abin dariyar ma, mai unguwa da kansa ya aiko a buga masa takardar gayyatar walimar saukar ɗansa, ka ce injin ya yi tafiya.

Da ka koma Badarawa ɗauko ta, nan muka gane mun gudu daga gara mun faɗa gidan zago. Ashe cikin rumbunan Kawu, wanda muka zaɓa shi ne na damina, abincin da gida ke ci lokacin noma. Ba a fasa shi sai ruwa ya sauka shuka ta kama. Mu 'yan birni mun ga babban rumbu kawai mun ce ya fi tsaro. Ka dawo kana kwaikwayon muryar Kawu: "Ɗana, ko ubana bai buɗe ruhewag ga da rani ba. In na buɗe, gobe garin ga duk a ce yunwa ta shigo gidan Mamman." Ka yi dariya ka ce ba komai, damina ba nisa, Goggo ta huta.

Ba ka kai daminar ba. Sanƙarau ya zo da zafin bazara, ya ɗauke ka cikin 'yan kwanaki, tun muna cewa zazzaɓi ne. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yanzu ba na iyawa.

Bayan sadakar arba'in na shirya na tafi Badarawa ni kaɗai. Na durƙusa gaban Kawu na roƙe shi, na ce cikin duk abin da ka bari, ita kaɗai ce hannunka ya gina. Ya yi hawaye har gemunsa ya jiƙe, ya ce da ransa ake nema da ya ba ni, amma rumbu sai ruwa. Na dawo ina zaginsa a zuci tun daga Shinkafi har gida, Allah Ya yafe mini. Yanzu da na huce na gane ba taurin kai kaɗai ba ne, mutum ne da iyali masu yawa, kuma rumbun da aka fasa ba ya daɗewa.

Watannin nan sun ba ni wuya. Duk ɓeran da na gani a gidanmu sai in ce 'yan'uwansa na can suna cin wayoyinka. In rana ta ƙwalle in ce yanzu komai ya narke. Da hadari ya fara haɗuwa kuma na koma tsoron danshi. Na kan shiga ɗakinka in dubi sauran matattun da ke ƙarƙashin gado, in san ko na shekara ina ƙoƙari ba zan iya haɗa wata kamarta ba. Ji nake in ta mutu a can, na sake rasa ka.

Ranar da Kawu ya aiko cewa za a fasa, ko karyawa ban tsaya yi ba. Ina tsaye ana fito da damma ana miƙawa, har aka kai ga kwalayen. Ɓeraye sun yi aikinsu. Sun cinye gefen kwali, sun yi gida da zanen Inna, sun datse wayar madannai gida biyu. Da na ɗaga akwatin sai na ji tsabar gero tana kaɗawa a ciki. Kawu ya tsaya a gefe ya kasa haɗa ido da ni, daga baya ya sa aka ɗaura mini dami guda a mota, ban san ko na ban haƙuri ba ne.

A gida na kwance ta kamar yadda ka saba, na jera kusoshi a faranti. Na zazzage geron, na share ƙura da gashin kaza, na bar ta ta sha iska a inuwa. Wayar da aka datse na haɗa ta da dalma, kala da kala, kuma ban ƙone ba, ka ji. Daga nan sai masu wuta suka ɗauke, ka san halinsu. Wani ya ce in jona da janareta, na ƙi, don na tuna ka hana. Sai jiya bayan azahar aka kawo.

Na yi bismillah na danna. Shiru. Na tsaya ina jira. Can sai fankar cikinta ta motsa, Goggo ta yi ƙara guda, ta fara ƙunƙuninta, koren rubutu ya fito sannu a hankali yana tambayata kwanan wata. Yaya, ta tashi! Na zauna a ƙasa na yi kukan da ya fi na ranar jana'izarka, amma wannan karon ƙirjina sakewa yake yi. Duk abin da ka ajiye a cikinta yana nan, har jarrabawar ɗalibanka da ba ka gama bugawa ba.

Ina cikin share hawaye na ga inuwa a bakin ƙofa. Inna ce. Ka san kai ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunanka ba, kuma ko a zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta. Tun rasuwarka ba ta bi ta gefen ɗakin nan ba. Na yi sauri zan kashe, ina zaton ƙarar ta dame ta. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Bar ta. Da can in ina tsakar gida ina jin kukan abin ga, na san shina ɗaki."

Ba ta shigo ba. Ta jawo tabarma ta shimfiɗa a ƙarƙashin tagarka, ta ɗauko tiren wakenta tana tsinta. Yau ma da aka kawo wuta ita ta aiko a ce mini an kawo.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilimin da ka koyar ya bi ka da lada. Allah Ya saka wa Kawu da alheri, Ya ba shi damina mai albarka. Mu kuma Ya ba mu haƙuri, Ya haɗa mu da kai a Aljanna, amin.

A kan Goggo nake buga maka wannan, kuma na gama abin da zan faɗa tun ɗazu. Amma Inna tana nan zaune a ƙarƙashin taga, don haka ba zan kashe ba tukuna.

Taka ƙanwa,
Saratu