Irin Ugun Da Mama Ta Shanya

Tudun Ƙofa, Keffi
Ƙarshen Maris

Febi 'yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ya aikin asibiti, ya kuma zafin Lafia? Direban tasha na ba wannan takarda, tunda kin san kunnena da waya ba sa shiri. Ke ki yi ta ihu, ni in yi ta "eh, eh" ban ji komai ba.

Lambu yana nan ƙalau, ya ma fi ni lafiya. Rijiya ta ja baya, amma alayyafona bai san ana rani ba. Akuyar maƙwabciyata Yetunde ta sake tsallakowa ta aske mini yakuwa tas. Na gaya mata in aka ƙara, a tukunya za ta zo ta karɓi akuyarta.

Yayanki Godwin da matarsa Ozioma sun biyo ta nan, a hanyarsu ta komawa Kaduna daga jana'izar mahaifiyarta. Febi, yarinyar nan ta rame, ga kuma ciki. Ta shigo rungume da wani abu a zane kamar jariri, ashe ɗan ugu ne, shukar nan mai yaɗo da mutanensu na kudu ke miya da ganyenta, ga shi ƙato kamar kabewa. Wai an share lambun mahaifiyarta kaf don a kafa rumfunan makoki, wannan kaɗai ta tsira da shi. A Kaduna kuwa bene suke haya, babu ko taku ɗaya na ƙasa. Ta ce, "Mama, ki ajiye mini har ruwa ya sauka."

Kin san tun aurensu gaisuwa ce kawai tsakanina da ita, kamar baƙi a ƙofar coci. Ba mu taɓa faɗa ba, ba mu kuma taɓa hira ba. Wannan ne karo na farko da ta roƙe ni wani abu, kuma na ji daɗi har raina. Saboda haka na yi masa gata. Na fasa shi, na wanke 'ya'yan, na baza a faifai a kan rufin kicin har suka bushe ƙayau, na cuɗa da toka na zuba a kwalba, yadda kakarki ta koya mini da irin kuɓewa. Ko ƙwaro ɗaya ba zai kusance su ba.

Ki riƙa cin abinci. Allah ya tsare.

Mamarki,
Judit

*

Tudun Ƙofa, Keffi
Tsakiyar Mayu

Febi,

Ina gaishe ki. Yau ba ni da dogon zance, na yi ɓarna.

Da ruwa ya zauna, na zaɓi wuri mafi kyau kusa da rijiya, na zuba kashin kaji, na kafa rumfar gora don ugun ya hau. Kuɓewa ta fito, rama ta fito, har tumatirin da ban shuka ba ya fito. Ugu shiru. Na ce ko zurfi na yi, na sake shuka sauran da ke kwalbar. Shi ma shiru. Jiya na tona da yatsa, na tarar duk sun ruɓe.

Yetunde ta leƙo ta katanga, na ba ta labari. Sai ta ɗora hannu a ka ta ce, "Mama Godwin, kin shanya ugu? Ai ugu ba ya son bushewa! A cikin uwa nasa ake bari shi, a inuwa, sai ranar shuka a fasa." Ashe da na jefa shi ƙarƙashin gado na manta da shi, da yanzu ya kama rumfa. Ni ɗin da matan zumuntar coci ke zuwa neman iri a wurina, ban tambayi kowa ba, don gani nake babu abin da za a koya mini a lambu.

Abinci ya ƙi shiga. Yarinyar nan abin da ya rage mata na uwarta ta damƙa mini, na kashe shi da hannuna. In ta ji, wace ƙofa zan sake bi in same ta?

Mamarki,
Judit

*

Lafia
Mayu

Mamana ta kaina,

Barka da damina. Na karanta takardarki a bakin aiki, na yi dariya, sannan na ji kunyar dariyar. Sarauniyar lambun Tudun Ƙofa guda, a ce Anti Yetunde mai akuya ce ta ba ki darasi!

Mama, ki saurare ni. Gobe ki shiga kasuwa wurin matan da ke sayar da kayan miyar kudu, ki sayi ɗanyen iri ki shuka a ƙarƙashin rumfar nan. Ugu dai ugu ne, ganyen ba ya zuwa da sunan mai shi. Ozioma tana da tsohon ciki, ga makoki, ba ta bukatar wani tashin hankali yanzu. Wannan shawarar ma'aikaciyar jinya ce, ba ta 'yarki kawai ba. Ni bakina alaikum, Yaya Godwin ma ba sai ya ji ba.

Kuma don Allah ki ci abinci. Ke ce kullum kike faɗa mini haka.

Taki,
Febi

*

Tudun Ƙofa, Keffi
Farkon Yuni

Zuwa ga surukata Ozioma,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya nauyin jiki, ya kuma ƙarin haƙuri? Kullum kina cikin addu'ata.

'Yata, ugun mahaifiyarki bai tsira ba, kuma laifina ne. Na fasa shi tun a rani na shanya 'ya'yan, yadda muke yi da namu irin. Ban san naku ba ya jure bushewa ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Ko guda ɗaya bai fito ba.

Zan gaya miki sauran ma. Na je kasuwa na sayo wani irin, da niyyar in shuka a wurin in ce miki shi ne. Har na durƙusa na yi ramin. Sai na hango ki kin zo kina shafa ganyen, kina cewa na mamarki ne, ni kuma ina tsaye a gefe ina gyaɗa kai. Na kasa. Na miƙa wa Yetunde irin ta katanga. Rumfar tana nan tsaye, babu komai a kanta.

Ban rubuto don ki ce ba komai ba, domin da komai. Na san abin da na raba ki da shi. In kin yi fushi, kina da gaskiya, kuma zan jira.

Allah ya sauke ki lafiya.

Uwar mijinki,
Judit

*

Tudun Ƙofa, Keffi
Yuli

Febi,

Ina gaishe ki. Na ƙi bin shawararki, na gaya wa Ozioma gaskiya. Har yau ba amsa. Godwin ya kira, na ji ya ce "lafiya lau" da "sai an jima", sauran ya bi iska. Ban sani ba ko ya ambace ta.

Kuɓewa ta yi 'ya'ya har tana neman tsufa a jiki. Na ɗiba zan aika mata, na kai ƙofa na dawo. Wataƙila ke ce mai gaskiya.

Mamarki

*

Kaduna
Yuli

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ki yi haƙuri da shiruna.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka sosai, na kuma yi fushi da ke. Na yi kwanaki ko sunan Keffi ba na so a kira. Har yanzu in na tuna, abin yana mini zafi. Amma da kin shuka na kasuwar, wallahi ba zan gane ba, kuma ke ma kin san haka. Na daɗe ina juya wannan a raina.

Likita ya ce haihuwa ta kusa. A wurinmu, in mace ta haihu uwarta ce ke zuwa ta zauna da ita, ta yi mata wankan jego, ta gasa mata jiki, ta dafa mata romo mai yaji. Dangin babana sun ce za su turo mini wata. Na ce musu a'a, ina da wadda zan kira.

Ba ki san yadda muke namu ba, ni ma ban san naku ba. Wannan karon sai mu riƙa tambayar juna. Godwin zai zo ranar Asabar ya ɗauke ki. Ki zo, Mama, ina jin tsoro.

'Yarki,
Ozioma