Majanyin Mijinyawa Ya Je Caina Ya Dawo

Malama Safara'u, ki taimake ni da shawara kafin Asabar. Ki yi haƙuri da rubutun, da furfurata na koye shi a ajin yamma.

Allah ya ba ni jika na fari, namiji, mai kunnuwa irin nawa. Tun da aka haife shi ko makullin rediyo na taɓa sai na ji ina dariya. A watan Fabrairu da 'yan tawaye suka shigo Injamena, uwarsa da cikinta muka ƙetara gada zuwa Kusiri ta Kamaru a ƙafa. Wanda ya riƙe ta a hanya abokina ne Mijinyawa, masaƙi a unguwar Ridina, da muke shan shayi tare shekara arba'in.

Ga laifina. Ɗana Lukumanu yana zuwa Caina saro kaya. Bara da zai tafi, na ɗauko majanyin da Mijinyawa ya saƙa aka goya Lukumanu da shi yana jariri, mai ratsin baƙi da ja, na ce ya nuna wa mutanen can mu ma muna da hannu. Alfahari kawai na yi. Ashe sun yaba har sun wuce gona da iri. Yaro ya dawo da dila uku irinsa sak, na inji. Yanzu ya cika kasuwar Habbena, ana sayen huɗu da kuɗin ɗaya na Mijinyawa. Shi kuwa ciniki ya tsaya masa. Kullum yana zagin ɓarawon da ya kai zanensa, ni ina zuba masa shayi ina cewa Allah ya isa.

Jiya na tarar yana saƙa wa jikana sabon majanyi na ranar suna, wato Asabar. In faɗa masa, ko in bari a sha suna lafiya?

Kakan Habbena

Baba, barka da arziki, Allah ya raya.

Lukumanu bai yi sata a kasuwa ba. Mata da yawa da suka dawo daga gudu suka tarar an kwashe musu ɗaki, wannan mai arahar suka iya saye. Amma ratsin nan daga kan Mijinyawa ya fito, kuma ba a tambaye shi ba. Wannan haƙƙi ne.

Kada ka jira Asabar. Cikin 'yan barka za a samu wadda ta goyo da na Caina, wata kuma ta faɗi shagon da aka saya, ya ji a gaban jama'a. Ka je kai kaɗai, ka faɗa masa yadda ka faɗa mini. In ya yi faɗa, ka zauna ka saurara har ya gama.

Washegari ka kai masa Lukumanu, ba da kyauta ba, da magana ta ciniki: ya ba shi rabonsa a kan dilolin nan, ya ajiye saƙar hannu a shagonsa don masu son na ƙwarai, kuma duk zanen da zai sake shiga jirgi sai da yardar mai shi. Mutanen Caina sun saba sayen abin da ya burge su. Mu ne muke miƙawa kyauta don a yabe mu.

In bayan haka ya aiko da majanyin, a goya yaron da shi. In bai aiko ba, ka kai masa naman suna da hannunka. Allah ya sa a sha suna lafiya.