Had-dis ɗin Abban Ummi Ya Ƙi Fita

Litinin, 4 ga Nuwamba

Haris, abokin aikin Abban Ummi, ya sake bugowa. Da ladabinsa dai, amma na gane: ofis na son kwamfutarsu. Ai tasu ce. Had-dis ɗin da ke jone a jikinta, ɗan baƙin akwatin nan, shi ne namu. Hotunan sunan Ummi, tsuntsayen fadamar Baturiya da Abban Ummi ya yi shekaru yana ɗauka, muryarsa, duk suna ciki.

Tun safiyar da ya fita bai dawo ba kwamfutar take a kunne kan teburinsa. Ni ke mata caji da solar maƙwabta.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na danna wurin cirewa yadda Abban Ummi ya koya min. Kwamfutar ta ce wai ana amfani da shi. Wa ke amfani da shi? Mai shi yana kabari.

Na sake dannawa har yatsana ya gaji. Taurin kai irin na mai shi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Yaya Bashira, da ta zo daga Malam Madori taya ni zaman takaba, ta ce, "Ke Kamila, fizge abin nan mana ki huta." Har ta kai hannu. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Na ba ta haƙuri daga baya, ta ce ba komai, amma ta ci tuwonta a tsakar gida.

Shi kullum cewa yake in aka fizge komai na iya lalacewa. In muryar nan ta tafi, me zan kunna wa Ummi in ta girma ta tambaya?

Da ba takaba nake ba, da tuni na kai ta wajen masu gyara a kasuwa. Kuma ba zan ba kowa ya fita min da ita ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Haris ta waya: "Maman Ummi, duba ƙasan allon, me ke buɗe?" Na ce bidiyon da yake gyarawa ne, na cikin kwalekwale, ya tsayar da shi a tsakiya. Sai ya ce, "To shi ne ya riƙe shi. Ki rufe, zai fita lafiya."

Na ce to. Ban rufe ba.

Hannunsa ne ya tsayar da shi a nan. Abu na ƙarshe da ya bari a buɗe a gidan nan ke nan, takalmansa ma an kyautar.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ban iya ba.

Talata, 12 ga Nuwamba

Bayan la'asar na ce kafin in rufe bari in ga abin da ya rage. Ban taɓa wuce inda ya tsaya ba, tsoro nake ji.

Ruwa, kainuwa, farin tsuntsu ya tashi. Sai muryarsa, yana ce wa mai tuƙi, "Kawu, mu juya haka nan. Kamila ta yi miyar kifi, in ta huce ni zan sha faɗa." Suka yi dariya. Shi ke nan, ya ƙare.

Ni da ban taɓa yi masa faɗa kan miya ba! Maƙaryaci. Allah Ya ji ƙanka, Ya sa ka huta.

Na yi kuka, na yi dariya, Yaya ta shigo ta zauna kusa da ni. Na ce ta riƙe min hannu. Na rufe. Na danna. Kwamfutar ta ce za a iya cirewa.

Da ɗuminsa ya fito. Na naɗe shi a ɗankwali, na sa a ƙasan akwati.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Haris ya aiko an ɗauki kwamfutar. Teburin ya yi fili, Ummi ta baje kayan wasanta a kai, ban hana ta ba.

Yaya ta tambayi me za a dafa. Na ce ta zauna, yau ni zan shiga kicin. Don dai gishirinta ya yi yawa ne, ba wani abu ba.