Fari a Kan Ruwan Madara

Litinin, 3 ga Maris

Ɗan kwangila ya sa in sake falon sama. Wai na bar dabbare-dabbare a bango, wani wuri ya sha fenti, wani bai sha ba. Na matsa kusa na duba, na ja baya na duba, bango sumul. Yana ɗora yatsa yana cewa, "Nan fa, Malam? Nan fa?" Ban ga komai ba. Tun bai fara gemu ba nake riƙe da buroshi, yau shi zai koya mini fari?

Laraba, 5 ga Maris

Na sake. Ya ce gara na farko. Na haɗiye.

Asabar, 8 ga Maris

Laifin mai gidan ne. Wa ya ce a shafa fari a kan ruwan madara? Kana shafawa ba ka san inda ka tsaya ba. Dogo mai filasta ya ja ni gefe, wai in je a duba idona. Na nuna masa allon shagon da ke tsallaken titi, na karanta masa tas, har ƙananan rubutun ƙasa. Ya ce, "To, Allah ya ba ka haƙuri." Haƙurin nasa ya fi maganar ɓata mini rai.

Talata, 11 ga Maris

Hadari tun safe. Ina saukowa daga bene da bokiti, matakalar duk siminti ce, toka a kan toka. Na ɗauka na kai ƙasa, ashe saura ɗaya. Gwiwa ta kumbura, fenti ya wanke ƙofar da kafinta ya gama jiya. An ba wani mai fenti ɗakunan kwana, ni an tura ni shafa baƙi a get. Ɗan kwangila ya ce idan haka za a ci gaba, gida na gaba ba da ni ba.

Uwar yara ta gasa mini gwiwa. Da ta gama ta ce, "Jibi za mu asibitin ido." Ba tambaya ba ce.

Alhamis, 13 ga Maris

Allon farko, baƙin rubutu a kan fari, na karanta kusan har ƙasa. Na waiga na kalli uwar yara, ta gani dai. Sai likitar ta kawo wani allo: haruffan duk manya, amma kowane layi ya fi na samansa dusashewa. Na kai tsakiya na ce sauran ba a buga ba. Ta ce, "Baba, akwai rubutu har ƙasa."

Wai idona ba ya tara haske wuri ɗaya, watsa shi yake yi kaɗan. Baƙi da fari sun yi nisa da juna, ko an ɗan watsa su ana rarrabewa. Amma launi biyu masu kama sai su narke su zama ɗaya, balle idan haske ya yi ƙasa. Ta ɗora mini wani ƙarfe a hanci tana canza gilasai, sai ga haruffa suna fitowa daga inda na rantse babu komai. Haushi ya kama ni, ban san na wa ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Tabarau ya zo. Gumi yana zame shi, rolar fenti tana yi masa yayyafi, rabin yini ina gogewa. Dogo ya raɗa mini Farfesa. Na cusa shi a aljihu kafin azahar.

Juma'a, 21 ga Maris

Ciwon kai. Wai sai na saba.

Lahadi, 23 ga Maris

Ba aiki. Na sa tabarau don in gyara rediyo, ba don komai ba. Da na ɗaga kai sai na ga bangon ɗakinmu, wanda na shafa bara da hannuna har ina kiran maƙwabta su gani. Sawun rola ko'ina. Na ɗaga kalanda, akwai a bayanta. Na ɗaga madubi, nan ya fi muni. Sai yanzu na gane dalilin da ya sa uwar yara take ta rataye-rataye a wuraren da ba su dace ba.

Ta shigo ta same ni da madubi a hannu. Ta ce, "Mayar da shi, Baban yara, ni na saba."

Na mayar. Akwai ragowar fenti a bayan gida, kada ya bushe a banza. Na ɗaura wa tabarau igiya, don dai kada ya faɗa bokiti gobe.